Ranar Dawowa: Jawabi ga 'Yan Kasuwa da Iyalansu a kan Lambar Yara

Na san ranar kasuwa ba ta dogon zance ba ce, kowannenku rabin hankalinsa yana nan, rabi yana wajen kayansa. Saboda haka magana ɗaya na zo da ita, ita ce maganar ranar dawowa.

Aikina shi ne allurar rigakafin yara, abin da a wannan gefe muka fi kira lamba. Ba zan tsaya lallashinku a kan amfaninta ba, domin abin da littafin rajistarmu yake nuna mini ya sha bamban da abin da ake yawan faɗa a kanmu. Ana cewa mutanenmu ba sa son allura. Akwai masu ƙi, ban musa ba. Amma in na buɗe littafin, shafin allurar farko a cike yake. Sai in na bi sunayen zuwa ta biyu da ta uku in ga suna raguwa, in na kai kan ta wata tara kuwa in tarar da gurabe da yawa babu komai. Uwar da ta goyo ɗanta ta kawo shi da ƙafarta ba mai ƙi ba ce. Wani abu ne ya shiga tsakaninta da zuwa na gaba: ko mantuwa, ko tafiya, ko aikin damina, ko kuma mu ma'aikata ba mu faɗa mata ranar ta yadda za ta iya riƙewa ba.

Bari in fara da lissafin zangunan. Daga haihuwa zuwa shekara ɗaya da 'yan watanni, ana son a kai yaro wajen lamba sau shida. Na farko da zarar an haife shi, a yi masa allurar tarin fuka, wadda take barin ɗan tabo a hannu, a ɗiga masa maganin shan-inna a baki. Na biyu yana da mako 6, na uku yana da mako 10, na huɗu yana da mako 14. Daga nan sai dogon hutu har ya cika wata 9, lokacin allurar ƙyanda, wadda wasu ke kira baƙon dauro, tare da ta shawara da ta sanƙarau. Na shida shi ne maimaicin allurar ƙyanda bayan yaro ya kai shekara da wata uku, ainihin ranar za a rubuta muku a kati. Wannan tsari kusan ɗaya ne a Nijar da Najeriya, kuma a asibitocin gwamnati na ƙasashen biyu kyauta ake yi. A wuraren da aka fara ba da allurar zazzaɓin cizon sauro an ƙara wasu ranaku a kan waɗannan, ma'aikacin wurin zai yi muku bayani.

A zuwa ukun nan na tsakiya ake yin allurar da muke kira Penta, wadda ta haɗa kariya daga cututtuka biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, ciwon sandarewar jiki da ke sarƙe haƙora, ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai kawo wa ƙananan yara sanƙarau da ciwon huhu. Sau uku ake yin ta, kuma ba don a wahalar da ku ba ne. Ku 'yan kasuwa kun san adashi. Wanda ya yi zubi ɗaya ya ɓace ba ya kwasa. Allurar farko somin-taɓi ce ga jikin yaro, ta biyu da ta uku su ne suke ƙarfafa garkuwar ta zauna. Mun ga abin da rashin cika zubin yake jawowa. A ƙarshen shekarar 2022 mashaƙo ya ɓulla a Kano, a 2023 kuma ya bayyana a Matamaye cikin jihar Damagaram, a kan hanyar nan da motocin kayanmu suke bi ta Daura da Kwangwalam. Yawancin waɗanda ya kama yara ne da ba a yi wa lamba ba, ko waɗanda aka fara aka bari.

Wani abu da nake so ku raba a ranku: ɗigon da ake bi gida-gida ana ba yara, a shafa musu tawada a ɗan yatsa, na shan-inna ne. Ya yi aiki ƙwarai, shi ya kai mu ga shekarar 2020 da aka tabbatar asalin ƙwayar shan-inna ta daina yawo a Afirka. Amma ba ya maye gurbin zuwa asibiti. Sau da yawa uba yakan ce mini ai an yi wa yaronsa har gida, sau biyar ma. In na tambayi kati sai a rasa.

Zan ba ku labarin da ya sauya yadda nake aikina. Wata yarinya ce, haihuwar fari, ta zo wankan gida wajen iyayenta a nan gefenmu. Mijinta ɗan kasuwa ne a ƙetaren iyaka. Kakar jaririn ta kawo shi muka yi masa ta haihuwa, na rubuta ranar dawowa, na karɓi lambar waya ɗaya. Da aka yi arba'in aka mai da ita ɗakinta. Ranar ta zo ta wuce, na kira wayar, a kashe. Na sake kira bayan mako, a kashe. Na ajiye takardarsa a cikin waɗanda muka rasa. Ban sake ganinsu ba sai da bazara, yaron yana da wata goma sha ɗaya, an kawo shi jiki duk ƙuraje, idanu jajur, numfashi sama-sama. Ƙyanda ce. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ya yi makonni kafin ya koma cin abinci, kuma ramar da ya yi ta daɗe ba ta sake shi ba. Da na zauna da uwar sai na gane ba ta taɓa ƙin allura ba. Layin wayar na wannan gefe ne, tana tsallakawa aka cire shi. Katin kuma ta baro shi a cikin kwallar mahaifiyarta. Ga shi ta ɗauka cewa inda aka fara dole can za a ƙarasa, tana jiran ranar da za ta zo ganin gida. Babu wanda ya gaya mata akasin haka, ni ce ya kamata in gaya mata, ban yi ba.

To yau ina gaya muku. Katin lamba, wanda a nan muke ce wa karne, yana aiki a kowane gefe. Wanda aka fara a Magarya ana iya ci gaba da shi a Daura, wanda aka fara a Jibiya ana iya ƙarasa shi a Maraɗi. Namu da Faransanci aka rubuta, na Najeriya da Ingilishi, amma ma'aikacin da ya san aikinsa zai karanta. BCG da Penta sunansu ɗaya a ko'ina. Inda muka rubuta VPO su OPV suke rubutawa, shi ne ɗigon shan-inna. Inda muka rubuta VAR, ƙyanda ke nan, VAA kuma shawara. Saboda haka kati ya bi yaro duk inda za a tafi da shi. Ku sa shi a leda saboda ruwa da gara, ku haɗa shi da abin da ba ku tafiya sai da shi. Ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya taho iyaka ya manta da takardun motarsa ba. Wanda yake da babbar waya ya ɗauki hoton katin ciki da baya, duk lokacin da aka ƙara rubutu a sake ɗauka.

Sai dai kati ba ya magana. Kwanan watan da na rubuta da biro ba zai amfani wadda ba ta karanta boko ba, kuma ko mai karatu ba kullum take buɗe shi ba. Shi ya sa na daina barin uwa ta tafi da lambobi kawai, sai mun ɗaure ranar a jikin wani abin da ba ta mantawa da shi. Mako shida kwana 42 ne. Wace mace ce a cikinku ba ta san ranar arba'in ɗinta ba? To kwana biyu bayan arba'in ranar lamba ce. In za a mai da mai jego gidan miji, ko dai a dakata kwana biyun nan a yi allurar kafin a tafi, ko a sanya zuwa asibiti cikin abubuwan farko da za a yi in an isa. Wannan magana ga iyayenmu kakanni nake yin ta musamman, domin ku kuke tsara wankan jego, ku kuke sa ranar komawa.

Daga wannan zuwan zuwa na gaba mako huɗu ne, wato kasuwa huɗu. Wanda yake cin kasuwar Mai'aduwa ya ƙirga Lahadi huɗu, mai zuwa Maigatari ya ƙirga Alhamis huɗu. Wasu mata sukan ƙulla zare a bakin zanen goyo, kowace kasuwa ƙulli ɗaya, in ya cika huɗu su taho. Na fi yarda da wannan zaren a kan kalandar da ke rataye a bango tun bara ba a juya ta ba. Abin kiyayewa kawai shi ne kada a gaza mako huɗu tsakanin allura da allura, domin in an yi gaggawa jiki ba ya amsa ta yadda ake so.

Inda muka fi yin asarar yara shi ne dogon hutun nan daga mako 14 zuwa wata 9. Fiye da wata biyar ne babu abin da zai kawo uwa wajenmu in yaro lafiya lau yake. A lokacin ya fara zama, ya fara rarrafe, ya yi ɓul-ɓul, sai a ga kamar an gama. Alhali a daidai wannan lokaci kariyar da ya samo daga jikin mahaifiyarsa take ƙarewa, ƙyanda kuma tana cikin cututtukan da suka fi kowane saurin yaɗuwa. Ƙwayarta takan zauna a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum goma marasa kariya da suka zauna kusa da shi, tara sukan kamu. Ku tuna motar kasuwa cike da mata da goyo, gilasai a rufe saboda ƙura. A ƙasashenmu ta fi tashi da rani zuwa bazara. Kuma allurar wata 9 ba ta kama kowane yaro, kusan 15 cikin 100 sukan fita ba su sami cikakkiyar kariya ba. Dalilin maimaitawa ke nan.

Ga wannan dogon zango, watanninmu sun fi taimako. Yaron da aka haifa da Babbar Sallah, allurar ƙyandarsa tana faɗowa cikin Azumi. Wanda aka haifa da Mauludi, tasa tana zuwa jim kaɗan bayan Layya. Ku ƙirga wata tara a sama, ku ƙara kamar kwana goma, domin watan sama ya ɗan fi na bature gajarta, mu kuma da na bature muke lissafi. Tun ranar suna ya kamata a yi wannan ƙirga, a faɗe ta a gaban dangi, ta yadda ba mutum ɗaya ne zai riƙe ta ba.

Yanzu maganar waya, ko salula kamar yadda muke cewa a nan. Asibitoci da ƙungiyoyi da dama sun fara kiran iyaye ko aika musu saƙo kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Abin yana aiki. A shekarar 2018 wasu masana sun tattara sakamakon bincike 75 da aka yi a ƙasashe 10, suka ga cewa tunatarwa ta kira ko saƙo ko wasiƙa tana ƙara kimanin mutum 8 a cikin kowane 100 ga waɗanda suke zuwa allura. Takwas ba kaɗan ba ne, a gari guda yara ne da yawa. Amma mafi yawan binciken nan a Amurka aka yi shi, inda mutum yake da adireshi ɗaya da lamba ɗaya shekara da shekaru. Mu nan bakin iyaka, mutum ɗaya yana da layi biyu ko uku, na sefa daban, na naira daban, yana sauyawa gwargwadon inda ya kwana. Wayar gidan sau da yawa tana aljihun maigida, shi kuma yana Kano ko Agadas. Saƙon rubutu in ya shigo da Faransanci ko Ingilishi, sai a ɗauka tallar kamfani ce a goge.

Don haka in ma'aikaci ya nemi lamba, ku ba da biyu, ta wannan gefe da ta wancan, ku ƙara da ta wani wanda ba ya barin gari, kamar kaka ko maƙwabciya ko mai shagon unguwa. Ku faɗa mana gaskiya wayar a hannun wa take kwana. In ba ku karatu, ku ce a kira ku ko a aiko da saƙon murya da Hausa, babu abin kunya a ciki. Matasan da ke nan, kun iya sa wa waya ƙararrawa ta tashe ku zuwa lodi da asuba, to ku sa ta ranar lambar ƙanenku ko ɗanku. Gargaɗi ɗaya: mai kiran tunatarwa na gaskiya ba ya neman kuɗi, ba ya neman lambar asusu ko wata lambar sirri. Duk wanda ya nemi haka da sunan allura ku kashe wayarku.

Ya kamata ku san abin da muke yi a namu ɓangaren, don ku san abin da za ku tambaya. A asibitin da aka tsara aiki, akwai wani akwati da aka raba gida goma sha biyu, kowane wata da gidansa. Kowane yaro yana da ƙaramar takarda a ciki. In aka yi masa allura yau, sai a mai da takardarsa gidan watan da zai dawo. Ƙarshen wata, duk takardar da ta rage a gidan nan ta yaron da bai zo ba ce. Su muke kira a waya, in ba a samu ba mu ba masu sa-kai na unguwa sunayen su bi gida, wani lokaci mu nemi taimakon mai unguwa ko limami ya yi sanarwa. Wannan akwati ba ya buƙatar wuta ko intanet, amma yana da rauni ɗaya babba: bai san an yi tafiya ba. In za ku tashi, ko ku tafi cin rani, ko ku tsallaka na wasu watanni, ku biyo ku gaya mana. Za mu rubuta a kati abin da ya rage, mu faɗa muku inda ya fi kusa da ku a can.

Akwai laifinmu da ba zan ɓoye ba. Uwa takan yi tafiyar awa biyu, ta bar sana'arta, ta iso a ce mata yau ba ranar ƙyanda ba ce, ta dawo wani mako. Wata kuma a yi mata faɗa a gaban mutane don ta makara ko ta ɓatar da kati. Irin wannan uwa da wuya ta dawo, kuma ba na ganin laifinta. Dalilin ware rana shi ne, maganin ƙyanda da na tarin fuka a kwalba suke zuwa mai ɗauke da na yara da yawa, in an haɗa su da ruwansu kuma awa shida kawai suke yi a zubar da ragowar. Shi ya sa wasu ƙananan asibitoci suke tara yara a rana ɗaya. Dalili ne, amma bai kai a kori uwa ba tare da an tsayar mata da magana ba. Kafin ku bar gaban ma'aikaci, ku tambaye shi abu uku ku ji amsa da kunnenku: me aka yi wa yaron yau, yaushe za a dawo, kuma wace rana ce a mako ake yin wadda ta rage. Haƙƙinku ne. In ya amsa da kwanan wata kawai, ku ce ya faɗa muku kasuwa nawa ke nan.

In ranar ta riga ta wuce fa? Nan ne mutane da yawa suke yanke ƙauna, su ce tunda an makara ta lalace. Ba ta lalace ba. Ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, ko da watanni sun shige. Yaro ɗan wata goma sha ɗaya da aka yi wa Penta ɗaya, ta biyu za a yi masa, a haɗa masa da ta ƙyanda a rana guda. Mura ko ɗan zazzaɓi mai sauƙi ko zawo kaɗan ba sa hana allura, ku kawo shi mu duba, mu ne za mu ce a dakata in ciwon ya yi nauyi. Zafin jikin da yaro yake yi bayan Penta, da ɗan kumburin cinya, sukan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Na san daren nan yana da wuya, na san akwai uban da ya hana a koma saboda kukan da aka kwana ana yi. A ci gaba da ba shi nono, a rage masa tufafi, in zafin ya yi yawa ko ya wuce kwana biyu a dawo da shi.

Ku iyaye maza, da ku zan ɗan tsaya. A gidaje da yawa mace ba ta fita sai da izini, kuma kuɗin mota a hannunku yake. Tunatarwa ko ta iso, in maigida yana kan hanya bai bar izini da kuɗin kabu-kabu ba, ranar wucewa za ta yi. Kafin ku ɗaga, ku duba katin kamar yadda kuke duba littafin bashi, ku bar izinin tun da wuri, ku faɗa wa mahaifiyarku ko wanda kuka bar wa gida. Wanda ya san ranar da zai karɓi kuɗinsa a wajen mutum goma sha biyu a kasuwa uku ba zai kasa riƙe ranaku shida ba. In kun haɗu da abokin ciniki da kuka ci sunan ɗansa, bayan an gaisa an tambayi iyali, ku ƙara da tambayar ko an kai yaron lamba. Daga bakinku za ta fi shiga a kan daga bakina.

Yau muna nan a rumfar da ke kusa da tashar mota har zuwa la'asar, da akwatin sanyi da magani. Mai kati ya kawo, ko na wane gefe ne, mu duba tare mu ga abin da ya rage. Wanda katinsa ya ɓace ya zo da yaron, za mu duba tabon hannunsa, mu tambayi abin da aka tuna, mu buɗe masa sabo. Wanda kuma ya baro yaron a gida ya zo ya ba mu lambobin wayarsa biyu, mu ƙirga masa ranar kafin motarsu ta tashi.